Neman Allurar Rigakafin Ciwon Hanta Nau'in C: Ina Aka Kwana?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

'Yan'uwa 'yan asalin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa mazauna birane.

 Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Sai dai cutar da zan yi bayani a kanta yau ta zo da abin mamaki, domin maganinta ya riga rigakafinta isowa. Shekara fiye da 35 ke nan da gano ƙwayar da ke haddasa ciwon hanta nau'in C, amma har yanzu babu allurar da ke kare mutum daga gare ta.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, sau da yawa za ka ji ɗan'uwa ya ce hankalinsa a kwance yake, tun da an yi masa allurar ciwon hanta a wurin aiki. Waccan allura ta nau'in B ce, wadda Nijeriya ta shigar cikin jerin alluran yara a shekarar 2004. Tana da matuƙar amfani, kuma ina kira ga wanda bai yi ba ya je ya yi. Amma ba ta kare kowa daga nau'in C.

Wace Irin Cuta Ce?

Ƙwayar wannan cuta ta jini take bi. Tana shiga jikin mutum ta hanyar ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ko aska da reza da duk wani ƙarfe mai huda fata da aka yi tarayya a kansa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko shayar da jariri. A cikin mutum 10 da suka kamu, kimanin 3 garkuwar jikinsu kan kore ta cikin wata 6. Sauran 7 kuwa takan zauna musu a hanta shiru, shekara 20 ko fiye, tana cin ta a hankali. Kafin ciki ya kumbura ko idanu su nuna shawara, sau da yawa hanta ta riga ta ƙandare, wani lokaci ma ta zama ciwon daji.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar, kuma kimanin miliyan 1 ke kamuwa kowace shekara. A nan Nijeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya sami alamar nau'in C a jinin kashi 1.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, nau'in B kuma kashi 8.1. Kashi 1 cikin 100 kan yi kama da abu kaɗan, amma a ƙasa mai yawan jama'a irin tamu, mutane ne masu ɗimbin yawa.

Yadda Aka Gano Ta

A shekarun 1970, wani likitan Amurka, Harvey Alter, ya lura cewa wasu da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da ciwon hanta wanda ba nau'in A ba ne, ba kuma B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar. A 1997 kuma Charles Rice ya tabbatar da cewa ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar. Su ukun nan aka ba lambar yabo ta Nobel a 2020. Albarkacin aikinsu ne aka sami hanyar gwada jini kafin a ƙara wa majiyyaci.

Me Ya Sa Allurar Ta Gagara?

Aikin allurar rigakafi shi ne ta nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba, don in ya zo a gane shi. Matsala ta farko, wannan ƙwaya ba ta tsayawa a kama ɗaya. Tana da manyan dangogi 8, a ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan rassa fiye da 90. Ko a jikin mutum ɗaya, takan hayayyafa sau biliyoyi a rana, tana sauya riga a kai a kai. Kamar a ba 'yan sintiri hoton ɓarawo ne, alhali shi kullum da fuskar da yake fitowa.

Matsala ta biyu, wajen gwaji. Ƙwayar ba ta kama ɓeraye irin na ɗakin bincike. Dabbar da take kamawa bayan mutum ita ce birin nan da ake kira cimfanzi, kuma a 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina gwaji a kansa baki ɗaya. Ko rainon ƙwayar a ɗakin bincike bai yiwu sosai ba sai a 2005, bayan aikin Takaji Wakita na ƙasar Japan da abokansa.

Matsala ta uku, wanda ya warke yana iya sake kamuwa. Duk da haka, kasancewar wasu na korar ƙwayar da kansu ya nuna cewa jikin ɗan Adam na iya cin galaba a kanta, kuma a kan wannan ne masana suka ɗora fatansu.

Inda Bincike Ya Kai

Gwaji mafi girma da aka yi an fara shi a Amurka a 2012, ƙarƙashin jagorancin Kimberly Page da Andrea Cox. Mutum 548 masu haɗarin kamuwa suka shiga. Aka yi wa rabinsu allurar gaske, rabi kuma allurar da babu magani a ciki, domin a kwatanta. An buga sakamakon a 2021. Allurar ba ta cutar da kowa ba, ta kuma rage yawan ƙwayar a jinin waɗanda suka kamu, amma ba ta hana cutar zama ba. Mutum 14 suka kamu da mai daɗewa a kowane rukuni.

Wannan bai sa an nannaɗe tabarma ba. Houghton ya ci gaba da aiki a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada a kan wata allura da aka gina bisa rigar ƙwayar. A 2022 masana daga Amurka da Holan suka fitar da cikakken hoton yadda wannan riga take, abin da zai taimaka a gano sassan da ba sa sauyawa. Akwai kuma shawarar a riƙa sa wa masu sa kai ƙwayar da saninsu da yardarsu bayan an yi musu allura, sa'an nan a warkar da su, tun da yanzu akwai magani. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Maganin da nake nufi ya bayyana ne a ƙarshen 2013, sa'ad da aka amince da ƙwayar sofosbuvir a Amurka. Ita da ire-irenta na warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan su, galibi cikin mako 12. Da farko kuɗinta dala 84,000 ne, amma daga baya ya sauko ƙasa da dala 100 a wasu ƙasashe masu tasowa. To, me ya sa har yanzu ake neman allura? Domin magani sai wanda ya san yana da ciwo, kuma rahoton da na ambata ya nuna kashi 36 cikin 100 ne kawai na masu cutar aka gano.

Darasi Daga Masar

Mu da muka tashi a gefen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, mun san tsargiya. Mutanen Masar ma sun san ta a gaɓar kogin Nilu. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 gwamnatinsu ta yi ta yi wa jama'a allurar tsargiya, ana maimaita sirinji ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma haka aka baza ciwon hanta nau'in C, har binciken 2008 ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na manyansu na ɗauke da shi. A 2018 suka tashi haiƙan, suka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni, suka ba masu cutar magani kyauta. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Duk wannan babu allurar rigakafi. A kusa da mu ma, Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da nata shirin a 2020.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Na farko, kowannenmu ya je a gwada jininsa, ya kai iyalinsa. In gwajin farko ya nuna alama, a yi na biyu wanda ke tabbatar da ko ƙwayar na nan, kafin a sayi kowane magani. Manyan asibitocin Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna da likitocin hanta.

Na biyu, mu ne ake bugo wa waya daga gida in ana neman jini ga mai haihuwa ko wanda ya yi hatsari a hanyar Kwanar Ɗangora ko dajin Falgore. Bayan aika kuɗi, mu riƙa tambaya ko an tantance jinin.

Na uku, wanzamanmu. Sana'arsu gadon mutunci ce, kuma su ke yi mana aski da ƙaho da shayi. Ina ba ƙungiya shawara ta zauna da sarakunan aska na garuruwanmu, daga Bebeji har Riruwai, a yi maganar sabuwar reza ga kowane mutum. Haka ma masu yankan farce a kasuwanni da masu yin allura a kemis. Mu kuma daina matsa wa ma'aikacin lafiya sai ya yi mana allura alhali ƙwaya za ta wadatar.

Na huɗu, batun bincike. Ba mu manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da yadda rashin yarda ya kai ga dakatar da allurar shan inna a 2003. Amma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da wannan ƙwaya ta fi daɗewa, ta fi kuma yawan rassa. Allurar da aka ƙera ba tare da sanin irin ƙwayar da ke jininmu ba, tana iya zuwa ta kasa yi mana aiki. Saboda haka in masu bincike suka zo, mu masu ilimin boko mu tsaya tsakaninsu da iyayenmu, mu ga takardar amincewar hukuma, mu tabbatar an yi bayani da Hausa, an kuma nemi yardar kowa.

Kammalawa

Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2016 cewa za su kawar da barazanar ciwon hanta kafin 2030. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su ware ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, don yin gwaji kyauta a ƙananan hukumominmu huɗu, a kuma buɗe asusun tallafa wa wanda aka samu da cutar ba shi da halin magani. Masana na can suna neman allura, Allah Ya ba su nasara. Mu kuma ga namu aikin a gabanmu.