Gayya da Gonar Mara Lafiya



A ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir gona na jikin gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki da gumi ke riƙe da ita. To, yaya magidancin da ciwo ya kwantar lokacin noman firi? Ciyawa ba ta jiransa. Nan ne gayya take ceto: a raba goro, samari su fito da fartanya, mata su dama kunu, kafin azahar an nome. Ƙodago ya rage ta ƙwarai, gama mai neman kuɗin taki da wuya ya ba da yininsa kyauta. Mu da ke komawa gida hutu, sai mu tambayi mai unguwa gonar waɗanne marayu ce ba a yi wa maimai ba, mu fara da ita.