Kayan Da Za Ka Hau Dutse Da Su



A gandun dajin Gashaka Gumti, wanda gwamnati ta keɓe a shekara ta 1991 a jihohin Taraba da Adamawa, akwai wani dutse mai suna Chappal Waddi. Tsawonsa mita 2,419 ne, duk Nijeriya babu wanda ya kai shi. Mai hawansa yakan yi kwanaki yana tafiya da ƙafa, abincinsa da shimfiɗarsa a bayansa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ga kuma bargo dole, gama can bisa akwai sanyi ƙwarai. Saboda haka mai hankali yakan zazzage jakarsa tun a gindin dutsen, ya ajiye duk abin da ba ya bukata. Ya sani kayan da bai ji nauyinsu da safe ba, da la'asar su ne za su durƙusar da shi.

Ɗan'uwana, me kake ɗauke da shi? Fushin da ka riƙe maƙwabcinka da shi tun bara, kullum da shi kake hawa. Je ka same shi yau, ku shirya, tun kana da sauran ƙarfi.

Allah ya taimake mu. Amin.