Shinkafa, Ruwa da Fumfuna: Yadda Mutanen Japan Ke Auna Giyarsu da Harshe

A shirinmu na yau za mu yi nisan zango, har can ƙasar Japan da ke gabashin duniya, domin mu duba wata tsohuwar sana'a tasu, wato dafa giyar shinkafa wadda suke kira sake, da kuma ilmin nan na ɗanɗano da suka gina a kanta, har ya zama fanni mai malamai da alƙalai.

Kafin wani dattijo ya miƙa hannu ya kashe akwatin rediyonsa, bari mu fara da hukunci. Wannan abin sha yana sa maye, kusan kashi 15 cikin 100 nasa barasa ce tsantsa, saboda haka matsayinsa a wurin malamanmu matsayin kowace giya ne, haramun ce ga Musulmi, babu wani tawili. Abin da ya sa muka ɗauko zancenta shi ne, sanin yadda abu yake daban, amfani da shi daban, kuma 'ya'yanmu suna zuwa ƙasar nan neman ilmi da fatauci, alhali wanda bai san abu ba, ba zai iya kauce masa ba ko da an ajiye masa shi a cikin kwano.

To, asalin wannan giya abubuwa huɗu ne: shinkafa, da ruwa, da yis, da wata irin fumfuna da ake kira koji. Shi yis ba ya iya cin sitacin da ke cikin hatsi sai an mayar masa da shi sukari, kuma duk macen da ta taɓa zuba tsiro a cikin kunun zaƙi ta ga ya tsinke ya yi zaƙi, ta riga ta ga wannan aiki da idonta. Su mutanen Japan ba tsiro suke sawa ba. Sai su turara shinkafa, su shimfiɗa ta a wani ɗaki na katako mai ɗumi, su barbaɗa mata irin wannan fumfuna, su yi ta juya ta dare da rana har kwana 2, sai ka ga kowace ƙwaya ta yi fari fat, tana ƙanshi, ta kuwa sami ikon narkar da sitaci. Daga nan a haɗa ta da ruwa da yis da ƙarin turarriyar shinkafa a cikin babbar randa, fumfuna tana fitar da sukari, yis yana cinye shi a lokaci guda, har wajen wata ɗaya. Saboda girman wannan fumfuna a wurinsu, ƙungiyar masana sana'ar da aka kafa a 1906 ta ayyana koji a 2006 a matsayin fumfunar ƙasa, sannan a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da wannan fasaha cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada.

Mas'alar da ta fi ba ni sha'awa ita ce, ta yaya abubuwa huɗu tak za su haifar da ɗanɗano iri-iri, har a ce masani yana iya kurɓa ya kintaci lardin da aka dafa?

Sababi na farko surfe ne. Bayan ƙwayar shinkafa yana ɗauke da maiƙo da sinadarin gina jiki, waɗanda ko da yake su ne amfanin mai ci, ga mai dafa giya su ne ke kawo nauyi da gauraye a baki, sitaci tsantsa kuwa yana can tsakiya. Don haka sai su sa injin ya yi ta gogar ƙwayar a hankali, kuma doka ta raba martabobi gwargwadon abin da ya saura: in an goge har saura kashi 60 cikin 100 ko ƙasa da haka, an shiga ajin da ake kira ginjo, in kuwa rabi ko ƙasa da rabi ya saura, an kai daiginjo. Akwai masu gogewa har saura kashi 35, wato buhu uku su koma kamar buhu ɗaya, abin da manomin da ya sha wahalar fadama zai ji ya girgiza kai, ni ma ban ga laifinsa ba. Ba kowace shinkafa ke jure wannan guga ba tare da ta farfashe ba, shi ya sa suke da iri na musamman, wanda ya fi shahara shi ne Yamada Nishiki na lardin Hiyogo, da aka raɗa wa suna a 1936. Idan aka dafa irin wannan a cikin sanyi ƙwarai, yis ya wahala yana aiki sannu sannu, sai ya fitar da ƙanshi kamar na tuffa ko ayaba, alhali ko ɓawon ɗan itace bai shiga randar ba.

Sababi na biyu ruwa ne, kuma a nan akwai ƙissa mai daɗin ji. Ana ruwaito cewa a wajen 1840 wani attajiri mai suna Yamamura Tazaemon yana da gidajen dafa giya biyu, ɗaya a Nishinomiya, ɗaya a Uozaki, dukkansu a yankin Nada da ke daura da birnin Kobe na yanzu, kuma kowace shekara ta Nishinomiya ce ke fin 'yar'uwarta, ba tare da an san dalili ba. Mutumin nan, da yake mai bincike ne, bai tsaya ga zato ba: ya musanya ma'aikatan gidajen biyu, bai ga canji ba, ya musanya kayan aiki, haka nan, sai da ya sa aka yi jigilar ruwan rijiyar Nishinomiya zuwa ɗaya gidan, sannan gaskiya ta bayyana. Daga baya masana suka tabbatar cewa ruwan nan, wanda ke gangarowa ta ƙarƙashin duwatsun Rokko, yana da yalwar ma'adinan da yis ke so, ga shi kuma kusan babu sinadarin ƙarfe a cikinsa, shi kuwa ƙarfe babban maƙiyin wannan giya ne, domin yana rina ta ya ɓata mata ɗanɗano. Giyar Nada sai ta fito da ƙarfi da kaifi, har suke ce mata ta maza, ta Fushimi kuwa, a birnin Kiyoto, inda ruwa ya fi laushi, ta fito da taushi da ɗan zaƙi, suke ce mata ta mata. Mutanen Hiroshima, waɗanda ruwansu ya yi laushin da giya kan lalace kafin ta nuna, sai da wani mai suna Miura Senzaburo ya gano musu dabarar dafawa a hankali cikin sanyi a ƙarshen ƙarni na 19, sannan suka shiga sahun gaba.

Shi ɗanɗanon kansa yana da ladubba. A gidajen dafawa akwai wani ƙoƙo na farin tangaran, wanda aka zana wa zobba biyu masu launin shuɗi a gindinsa ta ciki: a kan farin ake ganin launi, ko ya yi rawaya ko bai yi ba, a kan shuɗin ake ganin tsarki da sheƙi. Sai mai ɗanɗano ya sansana, ya kurɓi kaɗan, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya fitar da numfashi ta hanci, sannan ya tofar a cikin wani mazubi, domin wanda zai gwada kofi ɗari ba zai haɗiye ba hankalinsa ya saura. Abin da yake nema shi ne daidaito tsakanin zaƙi, da tsami, da ɗaci, da bauri, da kaifi, sannan ya lura ko ɗanɗanon ya yanke nan take ko ya daɗe a maƙoshi. Suna da mizani na lamba da ake bugawa a jikin kwalba don nuna yawan sukarin da ya saura, amma ƙwararrunsu ba su dogara da shi shi kaɗai, saboda tsami yana ɓoye zaƙi, har giya mai sukari ta zo wa harshe da kaifi.

Tun 1911 ake yin gasar ƙasa ta sabuwar giya a ƙarƙashin cibiyar bincike ta gwamnati, wadda yanzu take lardin Hiroshima, kuma babu shakka gasar nan ta ɗaga sana'ar, domin duk wanda ya faɗi yakan koma gida da bayanin aibin kayansa. Sai dai a ganina ta zo da tata illar. Da masu dafawa suka fahimci abin da alƙalai ke so, sai aka yi zamani kusan kowa ya koma ga irin shinkafa ɗaya, da yis ɗaya na lardin Kumamoto, da guga har kashi 35, har giyar arewa da ta kudu suka riƙa kama da juna, ƙanshi ya rinjayi garɗi. Masu riƙo da tsohuwar hanya, waɗanda giyarsu ke da nauyi da tsami kuma ake ɗumama ta a lokacin hunturu, sun daɗe suna ƙorafin cewa abin da ke cin lambar zinariya a kurɓi ɗaya ba lalle ne ya dace da akushi ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Wannan fumfuna ba giya kaɗai take yi ba. Da ita ake yin miso, wato curin waken suya da gishiri da suke kaɗa miya da shi, da kuma baƙin romon waken suya da ya gama duniya. Amma ɗakin girkin Japan cike yake da giya: suna zuba sake a cikin kifi da nama, suna kuma da wani ruwa mai zaƙi da ake kira mirin, wanda na ainihinsa barasarsa ta kai wajen kashi 14 cikin 100, yana kuwa shiga miya da romo masu yawa ba tare da an ambata ba. Haka nan akwai wani farin kunu da ake kira amazake, shi kuwa iri biyu ne: wanda aka yi da shinkafa da koji kaɗai, babu barasa a cikinsa, har yara suna sha, da wanda aka dama da tukar giya, wanda ke da ragowarta.

Saboda haka, ɗalibi ko ɗan kasuwa da Allah ya nufa da zuwa Japan, in an kawo maka abinci ka tambaya ko an sa mirin ko sake, in an miƙo maka amazake ka tambaya wane iri ne, ka kuma nemi kantunan da ke da shaidar halal, domin akwai su a Tokiyo da Osaka da sauran manyan birane. Iyaye kuma a isar da wannan ga yaran da ke can.