Bayan Ɓari, Yaushe Za a Sake Neman Ciki?

Karatunmu: 1 Sama'ila 1:1-20

Maganarmu ta yau domin matan da suka yi ɓari ne, musamman waɗanda sai da suka yi shekaru suna jira kafin cikin ya shiga, sa'an nan ya zube. Mazansu kuma kada su tashi daga gindin rediyo, gama su ma da su muke.

Tambayar ita ce, yaushe za mu sake nema? Uwar miji tana cewa a yi maza. Maƙwabciya tana cewa sai an shekara. Mace kuwa tana tsakiya, zuciyarta cike da tsoro.

Bari mu fara da abin da likitoci suka gano. Wajen ciki 15 cikin 100 da aka tabbatar yakan ƙare da ɓari, yawanci cikin watanni 3 na farko. Mafi yawan irin wannan ɓarin daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin yake fitowa tun farkon samuwarsa. Saboda haka 'yar'uwa, ba daka ko ɗiban ruwa ne ya jawo miki ba, ba kuwa hukuncin wani zunubi ba ne. A shekara ta 2005 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara sun ba da shawara a jira aƙalla watanni 6. Amma binciken da aka buga daga Sikotland a 2010, da wani daga ƙasar Norwe a 2022 a kan haihuwa fiye da 49,000, ba su ga ƙarin haɗari ga waɗanda suka sake ɗaukar ciki kafin watanni 6 ɗin ba. Idan ɓarin na farkon ciki ne, jini ya tsaya, babu zazzaɓi, likitoci da yawa sukan ce a bari al'ada ta zo sau ɗaya, domin a iya lissafin kwanakin sabon cikin.

Akwai waɗanda dole su dakata: wadda cikin ya zauna mata a wajen mahaifa, wadda aka yi wa tiyata, wadda ta zubar da jini da yawa, da wadda ɓarin ya maimaita mata. Ku je Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibitin Kawo a duba ku, a gwada yawan jini da rukunin jini, a ba ki maganin folik asid tun kafin ciki ya shiga. Na ce "ku", gama matsalar rashin haihuwa takan fito daga wajen namiji ma. Malam, zuwa gwaji ba ya rage maka girma.

Amma jiki yana iya warkewa zuciya ba ta warke ba. A nan ne labarin Hannatu yake taimakonmu. Kowace shekara suna haurawa Shilo, kowace shekara Feninna kishiyarta tana tsokanarta har ta ƙi cin abinci. Elkana yana ƙaunarta ƙwarai, duk da haka da ya zo rarrashi sai ya tambaye ta ko shi bai fiye mata 'ya'ya goma ba. Haka mu maza muke, muna son kukan ya ƙare da sauri. Eli firist ma ya zaci buguwa ta yi. To, ku lura da aya ta 18. Bayan ta zuba wa Ubangiji dukan abin da ke ranta, ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta sake. A lokacin nan babu ciki tukuna. Sama'ila sai daga baya ya zo.

Ni dai a ganina, wannan ita ce alamar da miji da mata za su duba. Kina iya ci, kina iya barci? Kuna iya yin zancen cikin da ya zube, ba wanda ya tashi ya fita? Wata za ta kai nan cikin makonni kaɗan, wata sai ta yi watanni. Wadda shekarunta suka haura 35 kuwa, kada ta yi dogon jira ita kaɗai a ɗaki, ta nemi likita da wuri.

Kalma ɗaya ga Zumuntar Mata. Tun rikicin shekara ta 2000 dangi da yawa sun ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Television. Akwai amare a Malali da Kawo da Unguwar Rimi da suka yi ɓari ba uwa ba ya a kusa. Ku je, ku dama mata kunu, ku zauna da ita. Kada ku tambaye ta ko "an samu".

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka ji Hannatu leɓunanta suna motsi ba murya, ka ji 'ya'yanka mata da suke kuka a daren nan. Ka ba mazansu haƙuri, ka ba likitoci hikima. Cikin sunan Yesu muka roƙa, amin.