Jawabi Kan Dajin Ƙoda Da Fitilar Da Ke Tona Asirinsa



An ba mu dama mu yi magana kan ciwon dajin ƙoda, musamman wanda ke dawowa bayan an yi aiki. To jama'a, wannan ciwo yakan yi lamo shekara da shekaru, sannan ya sake tsirowa a gurbin da aka yanke shi, ko ya ɓulla a huhu ko a ƙashi. Idan ya tsiro a gurbinsa, yakan ɓuya cikin kitse da tabon aikin farko, har ya yi wa likita wuyar gani.

A da sai an tsaga ciki. Amma a 1990, a birnin St. Louis na Amurka, Dakta Ralph Clayman da abokan aikinsa suka cire ƙoda ta 'yan ƙananan huji. Ana zura kyamara ta huji guda, kayan aiki ta sauran, likita na kallo a allon talabijin. Ciwon yakan warke da wuri, mai kanti ya koma kantinsa.

Sannan aka ƙara wata dabara. Mu 'yan kasuwa mun san fitilar nan ta tantance kuɗin jabu, ko ba haka ba? To kusan haka abin yake. Akwai wani koren rini mai suna ICG, wanda Amurka ta amince da shi tun 1959. Ana ɗura shi ta jijiya, a haska wani haske da ido ba ya gani, kyamara kuwa ta gan shi. Lafiyayyen naman ƙoda sai ya yi kore shar, yawancin ƙari kuma ya zauna da duhu, sai iyakarsu ta fito. Wani lokaci kuma, kafin aiki, ana sa rinin da allura daidai wurin ƙarin, likita ya bi hasken har ya kai gare shi. Daga baya hanta ta fitar da rinin.

Sai dai fa mu lura, fitilar nan tana amfani ne ga ƙarin da aka gano yana ƙarami. Abin da ke gano shi kuwa shi ne komawa asibiti a ɗauki hoto a kan lokaci. Nan ne muke sakaci. Mutum ya ji sauƙi, ya koma Tudun Hatsi ko Tsohuwar Kasuwa, katin asibiti ya ɓace. Wani ya ga jini a fitsari ya ce tsargiya ce, alhali ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin Gombe.

Don haka muna roƙon abu uku. Wanda aka taɓa yi wa aikin ƙoda, kada ya tsallake ranar ganin likita. Mai shan taba ya bari, mai hawan jini ya riƙe maganinsa. Sannan asusun ƙungiya ya ware wani abu don kuɗin hoton marasa hali, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.