Talaka da Kuɗin Lauya: Jawabi ga Taron Shekara



Shekara da shekaru wannan ƙungiya tana gina azuzuwa, tana haƙa rijiyoyi, tana kai magani asibiti. Akwai wata buƙata da ba ta taɓa shiga kasafinmu ba, domin ba ta da ginin da za a yanke wa ƙyalle. Ita ce lauyan da zai tsaya wa talaka ranar da aka kai gonarsa ko gadonsa gaban alƙali.

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi dukiyar mutum ita ce gonarsa ta masara da dawa da auduga. Yawancin gonakin nan ba su da takarda, shaidarsu mai unguwa da maƙwabcin iyaka. In dattijon da ya san iyakar ya rasu, sai rigima ta tashi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, ta tanadi diyya kan amfanin gona da gini idan an karɓi fili don aikin jama'a. Manomi nawa ne a Bakori ko Ƙafur ya san da haka? Matar da mijinta ya rasu, shari'a ta ba ta tumunin takaba, amma wanda ya riƙe gonar ya fi ta kuɗin mota zuwa kotu, sai a yi ta ɗage zama har ta gaji ta bar wa Allah.

Mun ga abin da lauya ke iya yi a nan gida. A 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta ƙauyen Kurami hukuncin jifa, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. Ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB suka ɗauki nauyin ɗaukaka ƙara, kuma a ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta sallame ta, da hujjojin fiƙihun Malikiyya. Waccan shari'a duniya ta ji ta, shi ya sa taimako ya zo. Rigimar kadada biyu kuwa babu gidan rediyon da zai ɗauka.

Gwamnati tana da tata hukuma. An kafa Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa a 1976, dokar 2011 kuma ta faɗaɗa aikinta. Sai dai ofishinta na jiha yana Katsina, kuma masu jiran shari'a a gidan yari sun isa su cinye lokacin lauyoyinta. A Amurka majalisa ta kafa wata hukuma a 1974 wadda ke karɓar kuɗi daga baitulmali tana raba wa ƙungiyoyin sa-kai fiye da ɗari, su kuma su tsaya wa marasa ƙarfi a rigingimun haya da aure da bashi. Abin koyi a nan shi ne, ana bayar da kuɗin ne shekara-shekara, tare da bin diddigi.

Don haka muna roƙon taro ya buɗe asusu na musamman, a ware masa kaso daga kuɗin gidauniya. 'Ya'yanmu lauyoyi, waɗanda wasunsu mun koya musu karatu da alli, su ba da lokacinsu kyauta, asusu ya biya kuɗin shigar da ƙara da na mota da na awon gona. A fara da sulhu gaban malamai da masu unguwa, sai abin da ya gagara ya je kotu. Kwamitin da zai zaɓi wanda za a taimaka kada ya ƙunshi mai riƙe da muƙamin siyasa, domin wata rana wanda ake ƙara zai zama ɗan wannan ƙungiya ne. Ma'aji ya karanta lissafin asusun a taron baɗi, ƙara nawa aka ɗauka, nawa aka sasanta, nawa aka kashe.