Zazzaɓin Da Ya Ƙi Jin Magani

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwana 'yan kasuwa. Kun san ni ba likita ba ne, goro nake sayarwa. Abin da ya sami ƙanena shi ya sa na roƙi a ba ni wannan dama.

Wata huɗu cur yana fama da zazzaɓi. Ya sha maganin cizon sauro har sau uku. Aka ce taifot ne, ya sha na wannan ma, shiru. Da dare gumi ya jiƙa shi sharkaf, ga rama, ga ciwo a gefen ciki na dama daga ƙasa. Wasu suka ce jifa ne. Ni kaina, Allah Ya gafarta mini, na fara yarda.

Daga ƙarshe muka kai shi asibitin koyarwa. Likita ya ce in zazzaɓi ya wuce mako 3, an yi ta bincike ba a gano dalili ba, to sukan duba tarin fuka, da ƙanjamau, da kuma ciwon daji. Suka zura wani siririn bututu mai kyamara ta dubura, suka tsinko ɗan nama daga babban hanji, aka auna. Sakamako ya fito: limfoma.

To mene ne limfoma? Daji ne na fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke zama cikin kaluluwa. Mu kaluluwar wuya da ta hammata muka sani, ashe a jikin hanji ma akwai irin wannan nama. Ba kasafai cutar takan kama babban hanji ba, amma in ta kama, ta fi zama a farkonsa, inda ƙaramin hanji ya haɗu da shi. Daidai inda ƙanena ke nunawa ke nan. Ita da kanta take kawo zafin jiki, shi ya sa maganin sauro da na taifot ba su taɓa ta ba.

Jama'a, wannan daji yana jin magani, musamman in an gano da wuri. Shi ƙarin ruwan kemo aka yi masa, duk bayan mako 3, har sau 6. Wasu sai an haɗa da tiyata. Ya sha wuya, gashinsa ya zube, aljihunmu ma ya ji jiki, ban ɓoye muku ba.

Yanzu alhamdu lillahi ya koma rumfarsa, amma har yau yana zuwa a duba shi. Wanda ke da mai irin wannan zazzaɓi a gida, ya same ni bayan taro, in nuna masa hanyar da muka bi.